Karatu da Baki a Rufe

Zuwa ga Baffa,

An sa ranar jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, Asabar ta ƙarshe a watan jibi, kuma bana ce damata ta ƙarshe, domin baɗi zan wuce shekarun da suke ɗauka. Na fara da wannan ne saboda Baba ya ce kai mutumin gidan jarida ne, idan ba ka ga labari a layin farko ba, ba ka karanta na biyu.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da kunnuwan da Baba yake cewa injin buga jarida ya cinye. Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan yadda ka sani, idanun ba su dawo ba, hawan jinin kuma yana jin magani. Ya ce in gaya maka ya haƙura da kiranka a waya, tunda ba abin da kake yi sai “na'am, na'am” har ya gaji ya kashe. Shi ya sa na rubuto, na ba direban motar kayan da ke zuwa wajenku.

Ba lallai ka tuna ni sosai ba, rabonka da ni ina firamare. Ni ce autar Baba, wadda yake kira Rediyo. Tun da idanunsa suka tafi, kullum da safe idan na gama shara da wanke-wanke sai in zauna kusa da kujerarsa a baranda in karanta masa jarida, daga shafin farko har tallace-tallace. Yayana ya taɓa kawo masa rediyon gaske. Ya ce a mayar, wai ba a iya ce masa ya tsaya ya maimaita.

Jarrabawar kashi uku ce: lissafi, kimiyya, da auna fahimta, inda za a ba ka rubutu ka karanta ka amsa tambayoyi a kansa. Ina zuwa ajin yamma a wani ɗaki da ke saman kemis, benci ne kawai da allo da fanka mai ƙara. A gwajin da aka yi mana na ci lissafi da kimiyya. Auna fahimta ce ta kayar da ni, ni da na shekara goma ina karatu kullum.

Rabin shafi aka ba mu, a kan yadda ruwan rijiya yake gurɓata idan an haƙa masai kusa da ita. Babu kalmar da ban sani ba. Na bi shi da ido daga sama har ƙasa, na zo tambayar farko, sai na ji kaina fayau kamar an goge allo. Na sake, haka dai. Da na ga lokaci yana tafiya sai na fara karantawa ƙasa-ƙasa, nan take komai ya zauna daram. Malamin ya buga tebur ya ce, “Wa ya kunna mana labarai?” Aji ya kwashe da dariya.

Da aka tashi ya kira ni ya yi mini bayani. Ya ce bara an kama wasu da 'yar ƙaramar na'ura a kunne ƙarƙashin ɗankwali, suna raɗa wa wani na waje tambayoyi yana ba su amsa. Tun daga nan, duk wanda aka ga leɓensa yana motsi a zauren jarrabawa sai a rubuta lambarsa.

Baffa, ka yi rayuwarka kana karanta jarida kafin kowa ya gan ta. Ka koya mini yadda ake karatu da baki a rufe.

'Yarka,
Rediyo

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Saƙonki ya iso, na kuma tuna ki sarai, ke ce kika zuba mini shayi a takalmi. Ina lafiya. Kunnen hagu ya yi ritaya tare da ni, na dama yana jin tsawa da ƙarar babur. Ki gaya wa Yaya ba asara nake yi ba a wayar, domin na san abin da zai ce tun muna yara: ni ne da laifi.

Na dawo miki da wasiƙarki. Kada jan biron ya tsorata ki, hannu ne ya saba. Kurakuran kaɗan ne, yawanci waƙafi.

Aikina a gidan jarida shi ne duba rubutu kafin a buga. Ɗaki ne mai dogon tebur a bayan injin, bango ɗaya tsakaninmu da shi, mu shida, kowa da fitila da rula da jan biro. Ba a magana a ɗakin, ko an yi ma ba mai ji. Saboda haka abin da kike nema shi ne sana'ata, kuma ana koyonsa.

Ga yadda aka koya mini. Ido yana da gaggawa, da ya ga rabin kalma sai ya ƙarasa sauran da kansa. Ki sami rula ki ɗora ta ƙarƙashin layin da kike karantawa, ta rufe duk abin da ke ƙasa. Ki riƙe fensir ki taɓa kowace kalma ɗaya bayan ɗaya. Kada ki sauke rular sai kin tabbatar da layin. Idan kin kai ƙarshen sakin layi, ki sake biyo shi daga kalmar ƙarshe zuwa ta farko, domin ta haka ne ido yake daina zato. Maganar leɓe kuwa, ki sa biro a kwance tsakanin haƙoranki ki cije shi. Mun yi wa sababbin ma'aikata haka, cikin mako biyu sukan bari.

Abu mafi muhimmanci: daga yau har ranar jarrabawa kada ki sake karanta komai da baki. Ko sunan magani ne a jikin kwalba, ki karanta da ido. Idan kina barin harshe yana aiki a gida, ba zai san cewa a zauren jarrabawa an hana shi ba. Wannan ba na sassauta shi.

Na yanko miki rubuce-rubuce daga tsofaffin jaridun da ke ƙarƙashin gadona, na manna kowanne a takarda, na rubuta tambayoyi a bayansa. Akwai ɗaya a kan zazzaɓin cizon sauro, ɗaya a kan gyaran gada, ɗaya a kan kiwon zuma. Ki sa agogo a gabanki. Ki aiko mini da amsoshin ta hannun direban.

Ban ga abin tsoro a nan ba. Al'ada ce kawai, kuma akwai lokaci.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da kunnen da ya rage a bakin aiki. Na gode ƙwarai da takardun, na ga wahalar da ka sha wajen yanka da mannawa. Ga amsoshin na haɗa.

Ina bin tsarin yadda ka ce. Na sayi rula ta ƙarfe. Biro uku na tauna, na ukun ya fashe mini a baki a tsakiyar aji, yanzu sun bar ce mini Labarai sun koma Shuɗin Harshe. Leɓen dai ya daina motsi matuƙar biron yana ciki.

Abin da na gani shi ne idona ya yi kaifi. A rubutun gada na tsinci kalmar da aka maimaita sau biyu a jere, a na zuma kuma harafi biyu sun musanya wuri. Amma kafin in biyo sakin layi na biyu daga ƙarshe zuwa farko, rabin lokacin ya tafi. Da na juya takardar na ga ka tambaya me ya sa aka rufe gadar, sai na rasa. Na san kalmar “gada” ta fito sau da yawa, na san inda take a kowane layi. Dalilin rufe ta ne ban riƙe ba. Na faɗa wa malamin ajinmu, ya ɗaga rular ya juya ta ya ce shi dai bai taɓa ganin an ci jarrabawa da ita ba, amma tunda mai jarida ne ya ce, in ci gaba.

Wasiƙarka na karanta wa Baba da baki, kamar yadda nake karanta masa duk takardar da ta shigo gidan nan. Ya yi dariya a maganar waya har da tari, ya ce ai kuwa kai ne da laifi. Da na zo inda ka ce kada in sake karanta komai da baki, bai ce in tsaya ba, bai ce in maimaita ba. Washegari da mai kawo jarida ya ƙwanƙwasa, ya ce masa ya daina kawowa sai an neme shi. Tun ranar ba ya fitowa baranda, abincin safe ma sai ya huce a inda na ajiye masa. Na ce masa shafi ɗaya ba zai ɓata komai ba, ya ce Baffanki ya san aikinsa.

Yanzu safiyata a buɗe take. Nakan zauna a teburin ɗakin girki da rula da agogo, ba na jin komai sai famfon da ke ɗiga. Ina yin rubutu biyu ko uku kafin azahar.

Ban san ko haka ake fara jin sa ba kafin a saba. Idan haka ne, ka faɗa mini in daure. Idan kuma akwai abin da za a sassauta, kai kaɗai zai ji maganarka.

'Yarka

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Ina lafiya, ina fata ku ma haka.

Kuskuren nan biyu da kika gano sun faranta mini rai. Sun wuce ta hannun wani a ɗakinmu ba a gan su ba, ga shi kin kama su. Idonki ya fara zama. Jinkirin kada ya dame ki, sauri yana zuwa daga baya. Amsoshinki kuwa, rabi daidai ne, rabi ba ki kai gare su ba. Zai gyaru.

Na ji daɗi da kika sami safiyarki. Yaya ya kyauta da ya dakatar da jaridar, dama na san shi da hankali idan ya ga dama. Ki yi amfani da lokacin.

Ga wasiƙarki na dawo da ita, gyaran ya ragu sosai a kan na farko. Ga kuma sababbin rubuce-rubuce, sun fi na baya tsawo. Kada ki sassauta komai.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa muka ji ka shiru. Na je tasha ba sau ɗaya ba, ban ga direban ba, masu lodi suka ce motarsa ba ta dawo ba. Wannan na ba maƙwabciyarmu ce, za ta je wajenku duba jikarta. Idan wani abu na rubuta da ya ɓata maka rai, ka yi haƙuri. Baba ya ce shirunka amsa ce, wai ka riga ka faɗi magana, ba ka maimaitawa.

Jikinsa ne ya sa na kasa jira. Ya rame, rigarsa tana masa yawa a kafaɗa. Na kai shi asibiti, likita ya auna shi ya ce hawan jinin bai tashi ba, ba ya ganin wata cuta, a dai sa shi ya ci abinci ya riƙa hira. Da wa zai yi hirar? Abokan da suke zuwa da yamma, da abin da na karanta masa da safe yake kayar da su a gardama. Yanzu idan sun zo sai ya ce in ce yana barci. Shekaranjiya ya tambaye ni ko yau Talata ce, alhali Juma'a ce. Da can daga saman jarida yake jin rana.

Na sayo jarida da kaina na zauna a bakin gadonsa na buɗe. Da ya ji ƙarar takardar ya ce, “Rediyo, idan kika karanta layi ɗaya, ni na kayar da ke. Rufe.” Na rufe.

Akwai abin da na gane a teburin ɗakin girki, ban san ko zai yi maka ma'ana ba. Da ina tsammanin muryata ce kaɗai take sa in fahimta. Ashe har da Baba. Ba ya barina in yi layi biyar bai katse ni ba. Tsaya, wa ya faɗi haka? Shi ya gani ko gaya masa aka yi? Me ya sa suka bari sai yanzu? Koma sama, ɗazu ba haka suka ce ba. Da na duba tsofaffin takardun jarrabawa na ajinmu, sai na ga irin tambayoyin ke nan, an dai sa musu lamba. Shekara goma yana yi mini auna fahimta, daga ni har shi ba wanda ya sani.

Na gwada ajiye rular, in karanta a zuci in riƙa jin yana katse ni. Yana yi, amma sai leɓena ya motsa muryarsa take zuwa. Da biro a baki ba na jin kowa. A gwajin makon jiya na cire biron, na amsa kusan duka daidai, malamin kuma ya tsaya a kaina ya ce da a zauren gaske ne da tuni an rubuta ni. A na wannan makon na cije biron, ban kai rabi ba.

To ka ga inda nake. Idan na buɗe baki a kore ni, idan na rufe in faɗi. Baba kuma yana kwance yana kallon bango saboda in ci. Jarrabawa ta matso. Ka ce wani abu, ko layi ɗaya ne.

'Yarka

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Lafiyata ƙalau, kuma ban yi fushi ba. Na ba ki amsa a kan lokaci. Injin motar direban ne ya buga a hanya, ta yi makonni a wajen bakanike da ambulan ɗin amsar da na aiko miki a aljihun ƙofa. Jiya ya dawo mini da shi duk baƙin mai, yana ba da haƙuri. Maƙwabciyarku ta riga shi isowa da sabuwar wasiƙarki da yini ɗaya. Na haɗa miki waccan amsar yadda take, ban canja komai ba. Gara da ba ta iso ba, amma ya kamata ki gani.

Na buɗe ambulan ɗin na ciro wasiƙarki da na yi wa gyara. A sakin layi na huɗu kin rubuta cewa Yaya ba ya fitowa baranda kuma abincinsa yana hucewa. Akwai jan birona a cikin wannan jimlar, na sa mata waƙafi. Na taɓa kowace kalma da fensir, na biyo ta daga ƙarshe zuwa farko, sannan na rubuta miki cewa Yaya ya kyauta.

Yau da safe na je wajen mai sayar da littattafai na sayi tsofaffin tambayoyin irin jarrabawarku. Na zauna da agogo da rula yadda na ce ki yi. Lokaci ya ƙare ina tambaya ta huɗu, biyu daga ciki ban ci ba. Na dai gano kuskuren ɗab'i guda uku.

A ɗakinmu akwai barkwancin da muke yi, cewa mu ne na ƙarshe da muke jin labari a gidan jarida. Mutum zai duba shafin farko harafi-harafi, ya fito ƙofa ya tambayi mai gadi me ake ciki a gari. Ina da littattafai cike da kanta biyu, na karanta su na kuma gane su, amma a kishingiɗe na karanta su, ba biro a hannuna. Wannan karatun ban san yadda ake koyar da shi ba, ban ma san yadda na koya ba. Wanda na iya koyarwa shi na ba ki, kuma ba shi ake tambaya ba.

Ki jefar da rular. Maganar leɓe ba ni da dabara. Na rubuta wa ofishin makarantar ina roƙon a duba kunnuwanki a zaunar da ke a gefe ke kaɗai. Na san irin waɗannan takardun, ba na sa ran a buɗe ta kafin ranar. Da zan iya zuwa da na zo, amma ko na tsaya a gabansu ba zan ji abin da za su ce mini ba.

Wannan sashen ki karanta wa Yaya da baki, da ƙarfi.

Yaya, na janye maganata. Ban san aikina ba a wannan, kai ne malaminta tun farko. Ka sa a dawo da jarida, ka katse ta yadda ka saba, ka ci abinci. A wannan karon ka faɗi gaskiya, ni ne da laifi.

Na sa jaridar yau a cikin ambulan ɗin, ban duba ta ba. Direban ya ce ya sami aron mota, zai taso idan kaya sun cika.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

An yi jarrabawa ranar Asabar. Na amsa duk tambayoyin auna fahimta, kuma an rubuta lambata.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi haka, ni na roƙe ka, ka kuma ba ni abin da kake da shi. Ambulan ɗinka ya iso ana jibi jarrabawa. Na karanta a zuci, na je na gaya wa Baba akwai sashensa, kai da kanka ka ce a karanta masa. Ya ce dabara ce muka haɗa. Na ce to ya ba Yayana ya karanta masa idan ya zo. Ya ce Yayana yana karatu kamar mai tura mota, a ajiye sai bayan Asabar. Haka aka ajiye ta a ƙarƙashin matashinsa tare da jaridar.

Zauren babba ne, tebura a jere da tazara, kowanne da lamba a manne. A ƙofa aka karɓi wayoyi aka zuba a kwali, wata mata ta sa muka ɗaga ɗankwali ta leƙa kunnuwanmu da tocila. Na tambaye ta ko takardarka ta iso ofis. Ta ce ita ba ta san da wata takarda ba, in wuce ana jira.

Lissafi da kimiyya sun zo da sauƙi. Da aka raba auna fahimta na sa biro a baki na cije. Rubutun a kan yadda ake kai allurar rigakafi ƙauyuka ne a cikin akwatin sanyi, da abin da ke lalata ta a hanya. Na bi shi har ƙasa sau biyu. Na san a layi na nawa aka ambaci ƙanƙara. Na ɗaga kai na ga agogon bango, na ga ta kusa da ni ta juya shafi.

Sai na cire biron. Na sunkuyar da kai na sa hannun hagu a goshi don ya kare fuskata, na fara daga sama. Ban yi layi uku ba na ji Baba a zuciyata ya ce tsaya, wa ya ɗauki akwatin? Na koma na gani. Me ya sa ba su tafi da sassafe ba? Yana nan a sakin layi na biyu. Haka muka yi ta yi har ƙarshe, tambayoyin kuma suka zo kamar na taɓa ganinsu.

Ban san lokacin da murya ta fita ba. Na dai ga ta gabana ta waiwayo, sai ga matar nan ta tocila a kaina. Ta sa na tashi, ta cire mini ɗankwali gaba ɗaya a gaban mutane, ta duba kunnuwa, ta shafa wuyan rigata da hannayenta, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ba ta sami komai ba. Ta ce, “Da wa kike magana?”

Na ce da babana.

Ta dube ni, ta ce yana ina. Na ce yana gida a kwance. Na san yadda maganar ta fito, amma ba ni da wata. Ta rubuta lambar teburina a takardar da ke hannunta, ta ƙara wani abu a gefe da ban gani ba, ta ce in zauna in ƙarasa. Saura tambaya biyu, na amsa su da biro a baki domin na riga na san amsar.

Da na dawo gida Baba bai tambaye ni komai ba, ya dai zaro ambulan ɗin ya miƙo. Da farko na manta yadda ake ɗaga murya. Na karanta masa sashensa. Ya ce in tsaya. Ya ce, “Shi ya rubuta ni ne da laifi, ko ke kika ƙara?” Na ce shi ne. Ya ce in maimaita. Daga nan muka shiga jaridar, ta kwana biyar amma bai damu ba. Shafi biyu muka yi ya gaji. Ya sha rabin kofin shayi da ɗan burodi. Har yanzu bai fito baranda ba, kuma ban gaya masa maganar lambar ba. Ya ɗauka haƙurin da ya yi da jarida ya biya.

Jiya na je ofishin makarantar. Taga ɗaya ce a buɗe, akawun ya ce takardun duk waɗanda aka rubuta an ware su, ba za a duba su ba sai kwamiti ya zauna ya ga wanda za a soke da wanda za a bari. Na tambaya ko za a kira ni in yi bayani, ya ce bai sani ba. Na tambayi takardarka, ya nuna mini tarin ambulan a kan kabad ya ce wataƙila tana ciki.

Da zan fita mai gadin ƙofa ya ce ya ji kwamitin zai zauna Laraba mai zuwa. Na koma taga in tabbatar, na tarar an rufe.

'Yarka,
Rediyo